Dala Miliyan 320 Don Sauya Lamba: Me Amurka Ta Saya?

A watan Afrilun 2018 gwamnatin Amurka ta fara aika wa tsofaffinta sabon katin inshorar lafiya ta gidan waya. A tsakiyar Janairun 2019 ta ce ta gama. Mutum sama da miliyan 61 suka karɓa. Katin takarda ne, ja da fari da shuɗi, kamar na da. Lamba ce ta sauya. An cire tsohuwa, an buga sabuwa mai harufa da alƙaluma 11. Alƙawari biyu aka ɗora wa aikin. Za a kare tsofaffi daga masu satar bayanan mutum su yi sojan gona da sunansa. Za a kuma rage damfarar da ake yi wa asusun inshorar. Majalisar dokoki ta ware dala miliyan 320.

Kuɗin ba daga sama suka faɗo ba. Duk mai albashi a Amurka ana cire masa kashi 1.45 cikin 100 don wannan asusu, mai gidansa ya ƙara irin haka. Bahaushen da ke aikin gadi a Bronx yana ganin layin a takardar albashinsa kowane mako biyu. To mu zauna kusa da shi mu ɗauki alƙalami.

Sunan shirin Medicare. Shugaba Lyndon Johnson ya sa masa hannu a 1965, don waɗanda suka kai shekara 65, daga baya aka haɗa da wasu naƙasassu. Da aka zo ba mutane lamba, ba a ƙirƙiro sabuwa ba. An ɗauko lambar fansho ta ƙasa, wadda suke kira SSN, mai alƙaluma 9, aka liƙa mata harafi a ƙarshe. Ma'aikaci A. Matarsa B. Wadda mijinta ya rasu D. Matar da ke cin albarkacin aikin mijinta, lambar mijin ce a katinta. A 1965 wannan tsimi ne mai ma'ana. An fara ba da SSN a 1936 don rubuta abin da ma'aikaci ya tara na fansho, ba wani abu ba. Sannu a hankali banki ya nemi ta, mai ba da bashi ya nemi ta, ofishin haraji ya nemi ta, mai gidan haya ma ya nemi ta. Wanda ya san sunanka da ranar haihuwarka da waɗannan alƙaluma 9 zai iya cin bashi da sunanka, ya karɓi rarar harajinka, kana gida kana shan shayi.

Sai gwamnati ɗaya ta riƙa ba da umarni biyu. Hukumar fansho tana cewa kada ka yi yawo da wannan lamba a aljihu. Hukumar Medicare tana cewa ka riƙe katinka duk inda za ka, ga lambar a jikinsa ɓaro-ɓaro. Tsoho ya miƙa shi a teburin asibiti, a kantin magani, a ɗakin gwajin jini, a wurin likitan ido. Kowa ya kwafa ya ajiye. Matsalar gaskiya ce, ba mai musu.

Yanzu farashi. A nan ne alƙaluma suka fara rawa.

A 2006 hukumar da ke riƙe da shirin, CMS, ta ce aikin zai ci sama da dala miliyan 300, ya kuma ɗauki shekara 8 zuwa 13. A 2011 ta dawo da sabon lissafi: tsakanin miliyan 803 da miliyan 845. Katunan da ke hannun mutane a lokacin sun ɗan haura miliyan 48, wato kusan dala 17 kowane kati. A 2012 ofishin binciken kuɗin gwamnati, GAO, ya duba lissafin ya ce ba a gina shi bisa ƙa'ida ba, ba za a dogara da shi ba. A 2013 hukumar ta sake lissafi, ya sauko tsakanin miliyan 255 da miliyan 317. Aikin bai ragu ba. Tsofaffin ma ƙaruwa suka yi. Amma daga 845 zuwa 317, dala miliyan 528 sun ɓace cikin shekara biyu, don kawai wani ya ce a nuna masa yadda aka yi jimla. Hukumar da ba ta son aiki tana da hanyoyi da yawa na cewa a'a. Mafi ladabi a cikinsu shi ne ta tsauwala kuɗi.

Dokar da ta tilasta aikin, MACRA, Shugaba Obama ya sa mata hannu a Afrilun 2015, ta ba da wa'adin shekara huɗu. An gama kafin wa'adin. Aikin da aka ce zai iya kai shekara 13 bai cika huɗu ba. Sai dai daga 2006 zuwa 2019 shekara 13 ɗin ce cif. Tara daga ciki a jira aka yi su. A wannan tsakani ma'aikatar tsofaffin sojoji ta riga ta cire lambar daga fuskar katinta, ma'aikatar tsaro ta fara cire ta a 2011, jihohi kuma tun dokar 2004 aka hana su buga ta a lasisin tuƙi.

Raba miliyan 320 gida miliyan 61. Dala 5 da santi 25 kowane mutum. Kuɗin da tsoho ke biya a wata don ɓangaren ganin likita a 2018 dala 134 ne, don haka katin bai wuce kuɗin kwana ɗaya da 'yan awoyi ba. Duba ta wani gefen. Medicare ta kashe kimanin dala tiriliyan 1 a 2023. Wato sama da biliyan 2.7 a rana, sama da miliyan 110 a awa. Duk kuɗin sauya katin bai kai abin da shirin ke kashewa cikin awa uku ba. Wanda ya ce aikin ya yi tsada bai yi rabawar ba.

Ina kuɗin suka tafi? Ba gidan waya ba. Kan sarki a 2018 santi 50 ne. Ko da an biya cikakken farashi kan kowace ambulan, wanda gwamnati ba ta yi, jimla miliyan 30 da rabi ce. Ƙasa da kashi ɗaya cikin goma. Nauyin yana cikin kwamfutoci. Tsohuwar lamba ta shekara hamsin tana zaune a kowane fayil, kuma sai an koya wa kowace na'ura ta gane sabuwa: ta hukumar, ta 'yan kwangilar da ke biyan asibitoci, ta jihohi 50 da ke haɗa tallafin talakawa da Medicare. Matattu ma sai da aka ba su lamba, domin akwai tsofaffin takardun biya da ƙorafe-ƙorafe da ba a rufe ba. Lamba kusan miliyan 150 aka fitar, kimanin miliyan 90 na waɗanda suka rasu ko suka bar shirin.

Akwai kuma kuɗin da ba su shiga lissafin ba. Kowane asibiti da kowane ƙaramin ofishin likita ya gyara manhajarsa da kuɗinsa. Akawun da ke bakin ƙofa ta tambayi kowane tsoho ko ya zo da sabon kati, ta buga harufa 11 da hannu, ta gyara in ta yi kuskure. An ba su wata 21 ana karɓar lamba biyun. Daga 1 ga Janairun 2020 takardar da ta zo da tsohuwa sai a dawo da ita, ban da 'yan keɓaɓɓu. Asibiti ba ya haɗiye irin wannan asara. Yana zuba ta cikin farashi. Ke nan dala 5 da santi 25 shi ne mafi ƙarancin abin da aka biya.

To me aka saya?

Lambar kanta an ƙera ta da kyau. Ba ta ɗauke da shekarar haihuwa ko jiha ko jinsi. Na'ura ce ta zaɓe ta barkatai. An cire harufa shida, S da L da O da I da B da Z, don kada a ɗauke su 5 da 1 da 0 da 8 da 2. Mata da miji kowa da tasa. In ka ninka guraben 11 da abin da kowanne zai iya ɗauka, za ka sami lamba kusan tiriliyan 13. An yi amfani da miliyan 150. Mai cinke zai dace sau ɗaya cikin kusan 86,000, kuma ko ya dace bai san sunan mai ita ba. Wanda ya tsinci jakar tsohuwa a motar haya yau ba zai iya buɗe asusun banki da katinta na asibiti ba. Wannan riba ce ta gaske, a rubuta ta.

Nawa ce ribar? Satar da ba a yi ba ba ta da rasit. Amma za a iya juya tambayar. Mu ƙaddara kowace satar suna tana jawo asarar dala 1,000. Ni na zaɓi adadin don sauƙin lissafi, kai ma sa naka. Sai katin ya hana sata 320,000 kafin ya mayar da kuɗinsa. Mutum ɗaya cikin 190, a tsawon shekaru. Ba abu ne mai wuya ba. Sharaɗin shi ne ɓarawon ya kasance daga aljihu yake samun lambar.

A nan jinkirin shekara tara ya ci kuɗinsa. A Fabrairun 2015, wata biyu kafin a sa hannu kan dokar, kamfanin inshora Anthem ya sanar da cewa an kutsa kwamfutocinsa, mutum miliyan 78.8. A shekarar ce kuma aka gano an kwashe bayanan mutum miliyan 21.5 daga ofishin ma'aikatan gwamnatin tarayya. A Satumban 2017, wata bakwai kafin ambulan ta farko ta fita, kamfanin Equifax mai tara tarihin bashin mutane ya ce an kutsa shi, daga baya aka gano an ɗebi bayanan kusan mutum miliyan 147: suna, ranar haihuwa, adireshi, da SSN. Jera su. Gwamnati tana ɓoye lamba miliyan 61 daga idon mai yankan aljihu. Kamfani ɗaya ya riga ya zubar da miliyan 147 a kutse ɗaya, ninki biyu da ɗoriya. A Fabrairun 2024 aka shiga Change Healthcare, kamfanin da takardun biyan asibitoci ke bi ta cikinsa, adadin ya kai kusan miliyan 190, fiye da rabin mutanen ƙasar. An sauya kwaɗon zaure ne bayan makullin ɗakin ajiya ya riga ya zaga kasuwa.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. Tsoho yana manta kati a gida. Wani ya sauya adireshi, ambulan ba ta iske shi ba. Dole a ba asibiti hanyar gano sabuwar lamba. Sai aka buɗe shafi a intanet na masu rajista da Medicare. Ka sa suna, ka sa ranar haihuwa, ka sa SSN, na'ura ta ba ka sabuwar lamba. Koma ka karanta abin da aka kwashe daga Equifax. Abu ukun ne. Katangar da ta rage ita ce rajistar, kuma kamfani mai rajista abin sayarwa ne, za mu zo kansa.

'Yan damfara ba su jira an gama rabon ba. Rabon kansa ya zama jari. Waya ta yi ƙara a ɗakin dattijuwa mai shekara tamanin. Murya mai ladabi ta ce daga ofishin Medicare ne, sabon katinki yana hanya, sai dai a tabbatar da tsohuwar lambarki. Wani ya ce akwai ɗan kuɗin aikawa. Wani ya ce na takardar na wucin gadi ne, na roba mai na'ura a jiki yana zuwa, karanto min lambar da ke hannunki. Katin kyauta ne, na roba kuma babu shi. Amma gwamnati ta shafe watanni tana shela cewa sabon kati na zuwa, don haka ƙaryar ta sami gindin zama. Lamba tiriliyan 13 ba ta da amfani in mai ita zai karanto ta da bakinsa.

Kafin mu wuce, abin ya ɗan taɓa mu. Amurka ta biya miliyan 320 don raba lambar asibiti da lambar kuɗi. Nijeriya tana tafiya ta ɗaya gefen. Tun Disamban 2020 aka ɗaure layin waya da lambar ɗan ƙasa ta NIN, ga asusun banki, ga fasfo, ga jarrabawar JAMB. Hukumar NIMC ta fito da lambar aro mai harufa 16 da ke mutuwa bayan awa 72, don kada mutum ya riƙa miƙa ta asali. Dabara ce mai kyau. Je shagon kwafin takardu kusa da kowace sakatariya ka duba nawa ne ke amfani da ita, nawa ne kuma suka bar kwafin takardar NIN a kan tebur.

Saura alƙawari na biyu, rage damfara. Masu kare aikin suna da alƙaluma da za su nuna. Kuɗin da Medicare ta biya ba bisa ƙa'ida ba a babban ɓangarenta sun kai dala biliyan 36.2 a rahoton 2017, suka sauko 31.6 a 2018, suka sauko 28.9 a 2019. Ga shi kuwa shekarun katin ne. Sai dai rahoton 2019 takardun Yulin 2017 zuwa Yunin 2018 ya auna, lokacin da yawancin tsofaffi ba su ga sabon kati ba. Kuma galibin wannan adadi ba sata ba ne, takardu ne da ba su cika ba. A rahoton 2023, shekara uku bayan an daina karɓar tsohuwar lamba, ya koma biliyan 31.2. In kati ne ya sauko da shi, wa ya mayar da shi?

Dalilin a fili yake. Mai damfarar Medicare ba bashi yake son ci da sunanka ba. Takardar biya yake son aikawa. Abin da takardar ke buƙata shi ne lambar da Medicare ke karɓa. Da SSN ce. Yanzu sabuwar ce. A wurinsa babu abin da ya sauya sai tsawon abin da zai buga. A Afrilun 2019 ma'aikatar shari'a ta gurfanar da mutum 24 kan ɗamarar baya da ta gwiwa da aka riƙa aika wa tsofaffin da ba su buƙata, asarar sama da dala biliyan 1.2. A Satumban shekarar ta gurfanar da 35 kan gwajin ƙwayoyin gado na bogi, takardun biliyan 2.1. Ana tare tsofaffi a taron coci ko kasuwar baje koli, a goga musu auduga a cikin kunci, a ce kyauta ne, kawo katinki kawai.

Sabuwar lambar ma ta fara zuba. A 2022 wani ɗan kwangilar hukumar, mutum 254,000. A 2023 wani, Maximus, 612,000. A 2024 aka bayyana na wani, WPS, 946,801. A 2025 aka gano an buɗe wa mutum kusan 103,000 asusu a shafin Medicare ba da saninsu ba. Jimla ta haura miliyan 1.9, kusan uku cikin ɗari na waɗanda aka aika wa kati da farko. A kutsen Maximus da na WPS har SSN na cikin abin da ya fita. An goge ta daga kati, tana nan zaune a kwamfutar ɗan kwangila, kafaɗa da kafaɗa da sabuwar.

A yi adalci, a nan ne riba ta biyu take, kuma a ganina ta fi ta farko. Duk lokacin da aka yi irin wannan kutse, hukumar ta kashe lambar da ta fita, ta aika wata. Da tsohuwar lamba hakan kusan ba ya yiwuwa, domin hukumar fansho da ƙyar take sauya wa mutum SSN, kuma tarihin kuɗinsa duka a kanta yake rataye. Abin da dala 5 ta saya ke nan a zahiri: lambar da za a iya yarwa. Ba haka aka tallata ta ba.

Babban gwajin ya zo a 2023, da robar fitsari. Tsofaffi suka fara ganin ta a takardar bayanin da Medicare ke aiko musu. Kamfanin da ba su taɓa ji ba, a jihar da ba su taɓa zuwa ba, ya ce ya kawo musu ɗaruruwa. Ba su nema ba, ba su gani ba. A Yunin 2025 ma'aikatar shari'a ta bayyana yadda aka yi. Wata ƙungiya da ke wajen ƙasar ta sayi ƙananan kamfanonin kayan asibiti gommai waɗanda suka riga suka yi rajista da Medicare, ta ɗora mutanen da ta turo a matsayin masu su, ta aika takardun biya na dala biliyan 10.6 da bayanan Amurkawa sama da miliyan ɗaya. Kimanin dala 10,000 kan kowane suna. Duk a zamanin sabuwar lamba. Ƙungiya ɗaya ta nemi ninki 33 na abin da aka ware don sauya katin ƙasa baki ɗaya.

Nema ba samu ba ne, kuma a nan dole a raba alƙaluman. Cikin abin da suka nema, kimanin biliyan 4.45 ne aka tsara Medicare za ta biya. An tare duka sai kusan miliyan 41. Ƙasa da ɗaya cikin ɗari ya fita. Wannan aiki ne babba. Amma ba kati ya yi shi ba. Lambobin da ke kan takardun sahihai ne, na'ura ta karɓe su. Masu bin alƙaluma ne suka lura cewa kamfanin da jiya ba ya sayar da komai yau yana neman miliyoyi kan abu guda, suka riƙe kuɗin. Tsofaffin da suka karanta takardarsu suka buga waya su ma sun taimaka, ba a biya su ko santi ba.

Wani ramin kuma bai toshu ba. Medicare kashi 80 take biya na irin waɗannan kaya. Sauran 20 tsoho ke biya, ko kamfanin ƙarin inshorar da ya saya da kuɗinsa. Takardar da ta wuce a Medicare tana gangarawa kai tsaye zuwa waɗannan kamfanoni. Su suka biya kimanin dala miliyan 900. Haɗa da 41, ka sami 941, kusan ninki uku na miliyan 320. Masu wannan ƙarin inshora kimanin miliyan 14 ne. Raba musu 900, kowa ya tashi da dala 64. Kamfanin inshora ba ya biyan irin wannan daga ribarsa. Yana ƙara kuɗin wata a shekarar da ke tafe.